Tutar Awa Biyu a Kan Tsaunukan New Hampshire

Ranar Asabar 15 ga Satumba, 2001, kwana huɗu da rushewar tagwayen benayen New York, wasu mutum shida suka hau tsaunin da ake kira Liberty a jihar New Hampshire, can arewa maso gabashin Amurka. Kayan da suka goya sun haɗa da tutar ƙasarsu mai faɗin murabba'in ƙafa 96, da gutsattsarin bututun roba da za su harhaɗa su zama sanda, da igiya. Suka kai ƙololuwa suka kafa ta. Da shekara ta zagayo sai abin ya samu tsari da suna, ana ce masa "Flags on the 48", wato tutoci a kan tsaunuka 48. Lissafin ya samo asali ne daga jerin tsaunukan jihar da tsayinsu ya kai ƙafa 4,000 zuwa sama, jerin da masu hawan dutse suke bi ɗaya bayan ɗaya tun 1957.

Tun daga lokacin, kowane ƙarshen mako mafi kusa da 11 ga Satumba, ƙungiyoyin 'yan sa-kai sukan raba tsaunukan a tsakaninsu. Kowace ƙungiya ta ɗauki nata, ta yi sammako, ta ɗaga tuta da ƙarfe goma sha biyun rana, ta sauke ta da ƙarfe biyu, ta tattara komai ta gangaro. Wanda ke tsaye a kan Lafayette, idan garin ya washe, yana iya hango tutocin Lincoln da Garfield da Cannon suna kaɗawa.

Mai jin labarin daga nesa zai ce me ya rage a yi gardama a kai? Amma a cikin masu son dutsen kansu akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba, kuma hujjojinsu ba na raini ba ne. Gardamar ta wuce New Hampshire. An yi irinta a Sikotland, an yi a tsaunukan Alps, kwanan nan ma ta taso a gandun Yosemite. Tambayar ɗaya ce: mutum na da ikon kai makokinsa kan dutse ya kafa masa alama?

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko a jiki take. Mutum 2,977 ne aka kashe a harin 11 ga Satumba, 343 daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne na birnin New York, waɗanda suka riƙa hawa matakalar benaye masu hawa 110 da kaya a bayansu a daidai lokacin da kowa ke neman hanyar sauka. Masu ɗaga tuta suna ganin babu wata hanyar tunawa da ta dace da irin wannan mutuwa kamar mutum ya goya kaya shi ma, ya hau har ƙafarsa ta yi rawa. Jiki magayi. Sanya hoto a Facebook ba ya cin minti ɗaya, shi kuwa wanda ya ɗauki sanda da igiya ya yi awa huɗu yana hawa ya biya wani abu daga ƙarfinsa, kuma zai daɗe bai manta dalilin da ya sa ya biya ba.

Sannan akwai batun kabari. A cikin waɗanda suka mutu a New York, kusan mutum 1,100 har yau ba a gano ko da ɗan wani sashe na jikinsu ba. Mu da muka saba a yi wa mamaci sutura a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, daga baya ɗa ya je maƙabarta ya tsaya kan kabarin mahaifinsa ya yi masa addu'a, mun fi kowa sanin nauyin a ce babu inda za a tsaya. Al'ummar da ta rasa wurin tsayawa dole ta ƙirƙiro shi. Mutanen wannan yanki tsaunuka suke da su, a nan suke samun natsuwa, don haka can suka nufa da baƙin cikinsu. Kuma harin bai yi musu nisa ba: jiragen biyu da suka daki benayen daga Boston suka tashi, tafiyar 'yan awoyi a mota daga gindin waɗannan tsaunuka, mataimakin matuƙin jirgin farko ma mazaunin garin Portsmouth ne a cikin jihar.

Idan aka ce musu abin nuna kai ne, sai su kawo misalin Owl's Head. Wannan tsauni yana can tsakiyar daji, zuwa da dawowa kusan mil 18, sai an tsallake rafuka, kuma ƙololuwarsa bishiyoyi sun rufe ta ruf, ba ka hango kowa, ba wanda ke hango ka. Duk da haka akan samu masu zaɓarsa. Mai neman a gan shi ba zai kai tutarsa inda babu ido ba.

Suna ƙarawa da cewa yau akwai magidanta da aka haifa bayan 2001. A wurinsu harin darasi ne na littafin tarihi. Yaron da ya riƙe igiya yana taya mahaifinsa tsayar da sanda cikin iska zai tambayi dalili, a ba shi amsa a wurin da ba zai manta ba.

Abin da masu adawa ke mayarwa

Su kuma sukan fara ne da cewa ba su da ja a kan alhinin kowa. Damuwarsu wurin ne. Akasarin waɗannan tsaunuka suna cikin gandun dajin gwamnatin tarayya na White Mountain, wasu ma suna cikin yankunan da aka keɓe a ƙarƙashin wata doka ta 1964 domin su zauna yadda Allah Ya halicce su, inda ɗan Adam baƙo ne mai wucewa. A irin waɗannan yankuna ba a shiga da inji, ba a gini, ba a wuce mutum goma a ayari ɗaya. Ma'aikatan gandun sun sha cire allon suna da masu hawa ke maƙalawa a kan Owl's Head ɗin nan, saboda ko ɗan katako mai rubutu ana ɗaukarsa ƙari ne a kan abin da aka tarar. To idan ɗan katako ya yi yawa, ina ga ƙyalle mai faɗin ɗaki a kan doguwar sanda?

Hujjarsu mafi ƙarfi a wannan fanni tana ƙarƙashin takalmi. Daga wani tsayi zuwa sama bishiya ba ta iya rayuwa a waɗannan tsaunuka saboda sanyi da iska. Abin da ke wurin ƙananan tsirrai ne da gansakuka, ragowar zamanin da ƙanƙara ta rufe yankin, masu girma a hankali ƙwarai, waɗanda taku kaɗan ke kashewa kuma sai an yi shekaru kafin su farfaɗo. Akwai wani ɗan tsiro mai furen rawaya da ake kira Robbins' cinquefoil, wanda duk duniya ba a samunsa sai a waɗannan tsaunuka. Takun masu hawa da kwasar masu tara tsirrai suka kusa ƙarar da shi, har aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa a 1980. Sai da aka karkatar da turbar Crawford, wadda aka share tun 1819, aka kewaye mazauninsa kusa da tsaunin Monroe, aka yi shekara 22 ana lallaɓa shi, kafin a cire shi daga jerin a 2002. Monroe kuwa yana cikin 48 ɗin. Masu adawa suna cewa matafiyi na yau da kullum yakan isa ƙololuwa, ya sha ruwa, ya ɗauki hoto ya wuce. Amma taron da zai zauna awa biyu, ana neman inda za a ɗaure igiya ta fuska uku ko huɗu, ana matsawa gefe don hoto ya fito da kyau, wannan taro dole ƙafarsa ta sauka daga kan turba.

Sukan kuma nuna abin da ya faru a Ben Nevis, tsauni mafi tsawo a Birtaniya. Shekara da shekaru iyalai suna kai allunan tunawa da 'yan uwansu suna girkewa a ƙololuwa, kowa da niyya mai kyau, har wurin ya fara kama da maƙabarta. Daga ƙarshe masu kula da tsaunin suka kwashe allunan, aka keɓe wuri ɗaya a ƙasa cikin kwarin Glen Nevis don masu son tunawa. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Sikotland har roƙon jama'a ta yi su daina watsa tokar mamatansu a kan fitattun ƙololuwa, domin tokar tana yi wa ƙasar taki tana sauya irin ciyawar da ke fitowa. Babu wanda ya yi nufin ɓarna a cikinsu. Taruwar kyawawan niyyoyi ce ta haifar da ita.

Martanin masu tuta

A nan masu goyon baya suna da amsa mai kyau. Allon Ben Nevis girke shi ake yi a tafi a bar shi. Tutar New Hampshire a bayan mutum take hawa, a bayansa take saukowa. Ƙa'idar taron ita ce kada a bar komai, kuma wanda ya hau da ƙarfe uku na yamma ba zai ga alamar an yi wani abu ba. Awa biyu a cikin shekara guda, in ji su, ba ta kai a kira ta mamaye daji ba. Suna tunatar da cewa dubban mutane ke tattaka waɗannan turbobi kowane ƙarshen mako na kaka don kallon ganyaye suna sauya launi, ba wanda ya ce a hana su.

Suna kuma cewa a daina maganar dajin da ba a taɓa ba kamar duk tsaunukan ɗaya ne. Tsaunin Washington, wanda ya fi kowanne tsawo, mai ƙafa 6,288, yana da titin mota har ƙololuwa, da jirgin ƙasa da ke hawa tun 1869, da tashar nazarin yanayi, da wurin sayar da abinci. Cannon ma ya daɗe da keken igiya mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, har zuwa 2025. Wace natsuwa ce tuta za ta ɓata a wurin da jirgi ke busa?

Misalin da suka fi so shi ne na Great Gable a arewacin Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wata ƙungiyar masu hawan dutse ta sayi wannan tsauni da maƙwabtansa, ta miƙa wa hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar domin tunawa da 'ya'yanta 20 da suka mutu a yaƙin, aka ƙaddamar da allon sunayensu a ƙololuwa a 1924. Har yau kowane watan Nuwamba ɗaruruwan mutane suna hawa su yi shiru na minti biyu, ƙungiyar kuma tana roƙonsu su sauko da furannin da suka hau da su. A wannan misali makoki ne ya ceci dutsen daga a sayar da shi ko a killace shi. Mutum yakan kare wurin da ya yi kuka a cikinsa.

Inda gardamar ta fi zafi

Da a ce iyakar maganar ke nan, da an daɗe da sasantawa. Abin da ya fi wuya shi ne ita tutar kanta.

Masu adawa suna tambaya: mamatan na wace ƙasa ne? Waɗanda suka mutu a harin sun fito daga ƙasashe sama da 90. A cikinsu akwai Godwin Ajala, lauya ɗan Nijeriya da ke aikin gadi a tagwayen benayen yana shirin jarrabawar zama lauya a New York, wanda ya tsaya taimakon mutane su fita har hayaƙi ya ci ƙarfinsa, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Akwai 'yan Ghana, da 'yan Bangladash, da 'yan Indiya, da 'yan Birtaniya 67. Akwai Musulmi da dama. Tutar ƙasa ɗaya, in ji su, tana mayar da musibar da ta shafi 'yan Adam ta zama ta ƙasa ɗaya.

Kuma tutar ba ta tsaya a inda take ranar 15 ga Satumba ba. A ƙarƙashinta aka shiga Afganistan ranar 7 ga Oktoba na wannan shekarar, aka shiga Iraƙi a watan Maris na 2003 bisa zargin makaman da ba a taɓa samu ba, aka buɗe kurkukun Guantanamo, aka yi abin kunyar Abu Ghraib. Fararen hular da suka mutu a waɗannan yaƙe-yaƙe sun ninka mamatan New York sau da yawa, kuma babu tsaunin da ake hawa dominsu. Ko a cikin Amurka, a ranar Asabar ɗin da mutum shidan suke hawa Liberty, wani mutum ya harbe Balbir Singh Sodhi a gaban gidan mansa a garin Mesa na jihar Arizona. Sodhi mabiyin addinin Sikh ne, rawaninsa da gemunsa suka sa aka ɗauke shi Musulmi. Da aka kama makashin, ihu yake yi cewa shi mai kishin Amurka ne. Ba wanda ke ɗora wannan jini a kan masu hawan dutse. Abin da masu adawa ke nufi shi ne, alama ɗaya ta ɗauki ma'anoni biyu a rana ɗaya, kuma ba mai ɗaga ta kaɗai ke da ikon faɗin wadda mai kallo zai gani ba. A wasu shekarun jirgin soja yakan yi shawagi ta kan tsaunukan yayin da tutocin ke sama. Wasu sukan ji tsigar jikinsu ta tashi don girmamawa, wasu kuma su ji taron ya tashi daga zaman makoki ya doshi faretin soja.

Akwai ma tsohon tarihi a ƙarƙashin wannan. Kafin zuwan Turawa, mutanen Abenaki ne ke zaune a yankin, kuma ana ruwaito cewa suna girmama babban tsaunin, wanda suke kira Agiocochook, har ba sa hawa ƙololuwarsa. Bature na farko da aka san ya hau shi ne Darby Field a 1642. Daga baya aka raɗa wa wasu tsaunukan sunayen shugabannin Amurka. Kafa tuta a kan dutse, tun fil azal, hanya ce ta cewa nan nawa ne.

Sai batun wa zai biyo baya. Gandun na kowa ne, gwamnati kuma ba ta da hurumin ba wani saƙo izini ta hana wani. A watan Fabrairun 2025 wasu ma'aikatan gandun Yosemite suka rataya tutar Amurka a kife a jikin dutsen El Capitan don nuna fushinsu kan korar ma'aikata. Bayan 'yan watanni wasu suka rataya tutar masu sauya jinsi a dutsen. Hukumar gandun ta ƙare da hana rataya manyan tutoci gaba ɗaya. A tsaunukan Alps kuwa, inda dubban ƙololuwa ke ɗauke da gicciye, shahararren mai hawan dutse Reinhold Messner ya daɗe yana cewa kada a ƙara kafa sababbi, a bar ƙololuwa babu alamar addini ko siyasa, kuma a 2016 an samu wanda ya bi wasu da gatari yana sarewa a jihar Bavariya ta Jamus.

Masu goyon baya ba su rasa ta cewa ba. A ganinsu, barin tuta ga masu kiran yaƙi su kaɗai shi ne babban kuskure. Sukan kawo labarin Mohammad Salman Hamdani, matashi ɗan shekara 23 haifaffen Karachi, mai koyon aikin ɗan sanda kuma ma'aikacin agajin gaggawa, wanda ya ga hayaƙi ya nufi wurin da ƙafarsa. Da ya ɓace har zarginsa aka yi da hannu a harin. Bayan wata shida aka tabbatar gawar da aka tsinta a cikin ɓaraguzai tasa ce, aka yi masa jana'iza da cikakkiyar girmamawar 'yan sanda. Tutar ta rufe irinsu Hamdani ma, in ji su, kuma a ƙasar aka kai harin, don ƙasar aka kai shi, to da wace alama ake so 'yan ƙasar su yi juyayi?

Auna hujjojin

A kan batun ɓarnar ƙasa, ni a ganina masu tuta sun fi gaskiya, da sharaɗi. Taron da ke sauke kayansa da ƙarfe biyu, yake kiyaye iyakar mutum goma a inda doka ta ce, yake tsayawa a kan fa maimakon ciyawa, bai yi kama da abin da ya faru a Ben Nevis ba. Sharaɗin shi ne adadin ya tsaya inda ƙololuwa za ta iya ɗauka, kuma shugaban ayari ya iya cewa a koma idan gari ya ɓaci. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A kan Washington aka auna iska mai gudun mil 231 a awa a 1934, ƙanƙara tana iya sauka a kowane wata na shekara, kuma sama da mutum 150 sun mutu a kansa da kewayensa. Ranar da aka tsayar tun da wuri, da alkawarin da aka ɗauka gaban jama'a, sukan sa mutum ya ƙi juyawa a lokacin da ya kamata. Masu zuwa ceto kuwa da yawansu 'yan sa-kai ne, kuma zai zama abin takaici a jefa su cikin haɗari da sunan tunawa da masu ceto.

A kan ma'anar tutar ce na kasa ba kowane ɓangare gaskiya duka. Na yarda da zuciyar wanda ya yi mil 18 zuwa inda ba mai ganinsa. Ban ga dalilin zarginsa da son yaƙi ba, kuma ina ganin rashin adalci ne mutanen da ke nesa su tsara wa wanda aka yi wa mutuwa yadda zai yi kuka. Amma kuma ba zan ce wa Ba'iraƙen da ya samu mafaka a Amurka, ya hau Lafayette ranar Asabar don ya huta da tunanin abin da ya baro, cewa abin da ya ji a ƙirjinsa da ya ga tutar kuskure ne ba. Shi ma mai makoki ne, shi ma dutsen nasa ne a doka.

Akwai abubuwan da za su rage tazarar, kamar karanta sunayen mamatan da ƙasashensu a kowace ƙololuwa, har da su Ajala da Hamdani, yadda ake karanta sunayen a New York kowace shekara, da barin jiragen soja a sansaninsu. Waɗannan ba za su gamsar da mai ra'ayin Messner ba, wanda ke son ƙololuwa fayau ko da na awa biyu ne. Kuma har yanzu akwai tambayar da taron bai fuskanta ba tukuna. Idan wata rana jikokin Abenaki, ko iyalan waɗanda suka mutu a Bagadaza, suka nemi tasu Asabar ɗin a kan tsaunuka 48 ɗin nan, da tasu tutar, da alkawarin sauke ta da ƙarfe biyu, hukumar gandun za ta amsa musu, masu tutar Satumba ma za su amsa, kuma daga amsar ne za a gane ko hujjar awa biyu ta kowa ce ko tasu ce su kaɗai.